Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi

Akwai wata cuta da take cin jama'armu a ɓoye, mu kuwa mun ƙi kiran ta da sunanta. Idan magidanci ya daina fita kasuwa, ya ƙaurace wa majalisa, sai mu ce sammu aka yi masa. Idan mai jego ta zauna tana kuka ba dalili, ta kasa kula da jaririnta, sai mu ce iska ce ta taɓa ta. Idan kuwa ɗalibi ne ya kasa tashi daga shimfiɗa, sai mu ce lalaci ne. Mafi muni, mukan ce wa mai fama da ita ba shi da tawakkali, mu ɗora masa laifi a kan ciwo.

Wannan cuta ita ce ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da ita sun kai mutum miliyan 280 a shekarar 2019. Ta bambanta da baƙin cikin rashi ko na karayar arziki, wanda yakan yi sauƙi da ta'aziyya da wucewar kwanaki. Likitoci na gane ta ne idan mutum ya yi aƙalla mako 2 cikin ƙunci kusan kullum, abin da yake so a da ya fita ransa, barci ya ƙaurace masa ko ya yi yawa, abinci ya daina shiga, ga kasala, ga ganin kansa ba shi da amfani. Da yawa ba za su ce "ina cikin damuwa" ba. Cewa za su yi kansu na zafi, ƙirjinsu ya yi nauyi, sai a yi ta ba su maganin zazzaɓin cizon sauro wata da watanni.

Galibin masu wannan ciwo ana yi musu magani suna gida. Amma akwai matakin da zaman gida ya zama ganganci: idan mutum ya fara zancen mutuwa ko shirin halaka kansa, ko ya ƙi ci ya ƙi sha, ko ya fara jin muryoyin da ba wanda yake ji. A nan kwanciya asibiti ta zama dole, domin maganin yakan ɗauki makonni kafin ya fara aiki, kuma a wannan tsakani ana bukatar idon da ba ya barci.

To, a nan ne muke ja da baya. Sai a ji dangi na cewa, "Wa zai auri 'yar gidan da aka kai wani asibitin mahaukata?" Abin mamaki, wannan kunya ba ta hana mu kai 'yan'uwanmu gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Shin wane ne abin kunya, gadon asibiti ko sarƙa?

Masu cewa asibiti al'adar Bature ce, su waiwayi Aro ta Abekuta. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane tare da ɗan'uwansa mai jinya, suna karɓar magani da rana suna kwana cikin jama'a. Duniya ta yaba da wannan tsari, shi kuma daga baya ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ashe zaman jinya da muka gada shi ma rabin magani ne. Ban da Aro, gwamnatin tarayya na da irin waɗannan asibitoci a Yaba ta Ikko, da Binin, da Inugu, da Kalaba, da Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato. Mutumin Agege ko na Sabon Ibadan ba shi da hujjar nisa.

Ba mu ce asibitocin nan ba su da aibu ba. Likitocin ƙwaƙwalwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuɗin gado kuma ya fi ƙarfin talaka. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙin majinyaci, amma doka a takarda ba ta warkar da kowa. Wannan dalili ne na matsa wa hukuma lamba, ba na kulle mara lafiya a ɗaki ba.

Haka nan ba mu ce a bar addu'a ba. Wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a, ana kuma kai shi wurin maɗori. Don haka muna kira ga limamai da sarakunan Hausawa na zango-zango, waɗanda su ake fara kai wa kuka, da su riƙa cewa, "A kai shi asibiti." Dangi kuma su tambayi nasu kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum wannan tunani, hasali ma takan buɗe masa baki. Surutun maƙwabta na kwana kaɗan ne, amma wanda aka binne ba ya dawowa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.