Maƙwabtaka Ba Ta Hana Faɗin Gaskiya

'Yan'uwa malamai, wutar da ke cin yankunan masu magana da Ingilishi na Kamaru daga aji ta tashi. A watan Nuwamban 2016 takwarorinmu na can suka shiga yajin aiki, suna kukan ana turo malaman da Faransanci kaɗai suka iya su koyar da yaran da ke karatu da Ingilishi. A Janairun 2017 gwamnati ta haramta gamayyarsu, ta kama shugabanninta, ta katse intanet.

Abin da ya biyo baya jini ne. Ranar 14 ga Fabrairun 2020 aka kashe farar hula 21 a ƙauyen Ngarbuh, 13 daga cikinsu yara ne, tsaran waɗanda muke kiran sunayensu a rajista kowace safiya. Da farko gwamnatin Paul Biya ta musanta, sai a Afrilu ta amsa cewa da hannun sojojinta. Shari'a ta yi shekaru ana ɗagawa, manyan hafsoshi kuwa ba a gurfanar da su ba. Ɗan jarida Samuel Wazizi ya rasu a hannun sojoji a Agustan 2019, aka ɓoye labarin wata goma.

Ba mu wanke 'yan aware ba. Su ne suka hana yara zuwa makaranta, suka riƙa sace malamai. A Kumba ma, a Oktoban 2020, 'yan bindiga sun harbe ɗalibai bakwai a cikin aji. Amma laifin ɗan tawaye ba ya zama lasisin soja.

Za a ce mana Kamaru abokiyar yaƙinmu ce da Boko Haram, a yi hattara. To, wane irin abota ne ya sa a Janairun 2018 Najeriya ta miƙa mata Sisiku Ayuk Tabe da wasu 46, matakin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce haramtacce ne? Yaran da suka gudo kuwa suna Taraba da Binuwai da Kuros Riba, a azuzuwan 'yan'uwanmu.

Muna kira ga uwar ƙungiyarmu ta NUT da ta rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje, ta nemi a matsa wa Yawunde ta hukunta masu ba da umarni, ba ƙananan kurata kaɗai ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu da aka sace mana ɗalibai a Chibok da Ƙanƙara ba mu da uzurin yin shiru.