Kafin a haƙa harsashe: takardar da ginin coci ke jira daga Maraɗi

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba da siminti bashi ya san illar ginin da aka soma ba shiri: bango ya kai taga ya tsaya, damina biyu ta wuce ta kansa, mai kaya yana bin kuɗinsa, ƴan kwamiti kuma kowa yana nuna ɗan'uwansa. Ɗarikar Katolika ta daɗe da yi wa wannan matsala shinge, kuma sanin shingen zai amfani ƴan kasuwa da ma'aikatan gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, ko da ba addininsu ba ne.

Mabiya ɗarikar kaɗan ne a jihar Tawa, yawancinsu ma'aikata ne da aka turo aiki da baƙi ƴan Benin, Togo da Najeriya. Tun daga 2001, lokacin da Fafaroma ya yanke yankin Maraɗi daga na Yamai, ya naɗa Ambroise Ouédraogo bishop na farko, al'amuransu suka koma hannun Maraɗi, tare da na Damagaram, Agadas da Difa. Sakkwato ta fi kusa da Ƙonni, ita ma tana da bishop nata, amma ikonsa ya tsaya a Illelar Najeriya. Takardar da za ta yi aiki a wannan gefe na iyaka sai ta fito daga Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 200 daga Ƙonni.

Kundin dokokin ɗarikar na 1983 bai bar wurin gardama ba. Aya ta 1215 ta hana a gina coci sai da yardar bishop na yankin, a fili kuma a rubuce. Albarkar baki da aka samu wajen biki ba izini ba ce. Shi kansa bishop ba shi da damar sa hannu sai ya saurari majalisar limamansa da shugabannin coci-cocin da ke maƙwabtaka, sannan ya gamsu da abu biyu: cewa ginin zai amfani jama'a, kuma kuɗin ginawa da na tafiyar da ibada bayan an gama ba za su gaza ba.

Wannan sharaɗi na biyu shi ke kayar da buƙatu masu yawa. Tara kuɗin bulo da kwano abu ne mai sauƙi ranar da zukata suka yi zafi, amma wa zai biya wuta, ruwa da mai gadi bayan shekara biyar, idan an yi wa rabin masu ba da gudummawa canjin wurin aiki? Garin da jama'ar cocinsa ma'aikata ne, takarda guda daga Yamai tana iya rage su cikin wata ɗaya.

Saboda haka aikin daga ƙasa yake farawa. Aya ta 537 ta wajabta wa kowace ikilisiya majalisar kula da dukiya, wadda ke taimaka wa limamin coci. Su za su haɗa takardar fili, zanen gini, ƙiyasin kuɗi dalla-dalla, da bayanin abin da ke hannu da abin da ake sa rai. Aya ta 1216 ta nemi a ji shawarar masana gini. Masana'antar siminti tana nan Malbaza, abin da ke rage kuɗin dako, amma ƙarfe da kwano daga waje suke zuwa. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa da rabi, sun san yadda ƙiyasin da aka yi jiya ke zama tatsuniya yau. Kwamiti mai hankali yakan ware wani kaso domin irin wannan rana, ya kuma raba aikin mataki-mataki.

Sa hannun bishop shi ne kuma mabuɗin taimakon waje. Ƙungiyar Fafaroma ta yaɗa addini, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1822, da sauran ƙungiyoyin agajin coci na Jamus, ba su duba buƙatar gini in ba ta biyo ta hannunsa ba.

Ban da wannan akwai hukuma. Dokar da Majalisar Dokoki ta amince da ita a watan Yuni na 2019 ta ɗora gina wuraren ibada, masallaci ko coci, a kan izinin hukuma tun kafin a soma. Ga kuma takardun fili da na gini daga ma'aikatar magajin gari. Bayan ƙone-ƙonen coci-coci da aka yi a Damagaram da Yamai a watan Janairu na 2015, babu bishop da zai ƙi tambayar yadda ake zaune da maƙwabta. Gaisuwa ga sarki, da mai unguwa, da limamin masallacin da ke kusa ba ta cikin kundi, amma tana cikin abin da ke tsare gini.

Ga ɗan kasuwa da magini, ayar da ta fi shafarsu ita ce ta 1281. Babban aikin da ya wuce hidimar yau da kullum, idan aka ƙulla shi ba da rubutaccen izini daga sama ba, dokar ɗarikar ba ta ɗauke shi ingantacce ba, kuma ikilisiya ba ta da alhakin biya sai gwargwadon amfanin da ta samu. Wanda ya sauke tan goma na siminti bisa alkawarin wani ɗan kwamiti yana iya wayar gari yana bin mutum ɗaya bashi, ba coci ba. Neman ganin takardar Maraɗi kafin a ɗora kaya a mota ba rashin yarda ba ne, tsarin masu gidan ne da kansu.

Jiran amsa yana iya cin watanni, kuma masu ɗokin gini sukan ƙosa. Amma Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Filin da aka kewaye aka bari yana jiran izini bai ci kuɗin kowa ba.