Teburin Sallah A Kurmi: Ado Muke Yi Ko Shinge?



Yau maganar tebur nake tafe da ita, wato teburin cin abinci. Na san wani zai ce, duk abubuwan da suka dame mu a wannan zama namu, ga tsadar haya, ga wahalar mota, ga kuɗin makarantar yara, ba a ga abin magana ba sai tebur? To a yi haƙuri a bi ni sannu. Ni a ganina, yadda maigida da uwargida suka shirya wurin cin abinci ranar biki, shi ne ke nuna wanda suke jira da wanda ba sa jira.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah da bikin Ista na maƙwabtanmu Kirista sun riƙa zuwa kusa da juna. A 2023 an yi Ista ran 9 ga Afrilu, muka yi Sallah ran 21. A 2024 Ista ta faɗo 31 ga Maris, Sallah kuma 10 ga Afrilu. A 2025 mu muka riga su, muka sauko Idi ran 30 ga Maris, su kuma suka yi nasu ran 20 ga Afrilu. Ba wani abin mamaki ba ne, shekarar wata tana gaza ta rana da kimanin kwana 11, ita kuwa Ista a lissafin cocin da ke nan ba ta fita daga tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. To a irin waɗannan makonni ne wayoyinmu ke cika da hotunan teburan Turawa: farin ƙyalle, furanni a tsakiya, ƙwai masu launi a cikin kwando, ɗan zomo na tangaran, kyandir, ga faranti bisa faranti. Sai abin ya shiga ran mutanenmu. Na shiga gidajen Hausawa a nan Ikko ranar Sallah na tarar da tebur mai kujera shida, faranti shida, kofi shida, furen roba a tsakiya, an shirya shi tsaf kamar ana jiran mai ɗaukar hoto.

Kafin mu ara, ya kamata mu san abin da muke arowa. Wannan ado na ƙasashen sanyi ne. Mutanen da suka yi watanni cikin hunturu, itatuwa sun kaɗe, rana ba ta daɗewa, in Maris da Afrilu suka zo sai ƙasa ta farfaɗo, ciyawa ta tsiro, fure ya buɗe, tumaki su haihu. Murnar wannan suke ɗorawa a kan tebur. Wasu masu fassara sukan kira lokacin da "bazara", amma duk wanda ya yi bazara a Sakkwato ko Nguru ya san ba abu ɗaya ake nufi ba. Mu bazararmu zafi ce da jiran ruwa. A nan Kudu kuwa ganye ba ya ƙarewa balle a yi murnar dawowarsa.

Ƙwan ma da dalilinsa. A Turai ta da, coci ya hana cin ƙwai a cikin azuminsu na kwana 40, kaji kuwa ba su san da wannan doka ba, suna ta yi. Sai ƙwai ya taru, a dafa shi, a rina, a ci ranar biki. Zomon kuma daga Jamus ya fito, Jamusawa 'yan ci-rani suka kai shi Amurka a ƙarni na 18. A Girka da Italiya ɗan rago ne babban abincin ranar. A Amurka tun 1878 ake tara yara a filin fadar shugaban ƙasa suna wasan gangara ƙwai. Kowane abu da tushensa.

Ba Kirista kaɗai ke da teburin wannan lokaci ba. Mutanen Iran suna shiga sabuwar shekararsu, Nauruz, wajen 20 ko 21 ga Maris, sukan jera abubuwa bakwai waɗanda sunansu ya fara da harafin sinun a Farisanci, cikinsu da tafarnuwa da tuffa da tsiron alkama. Yahudawa kuma a daren Idin Ƙetarewa sukan sa ganye mai ɗaci don tuna bautar da kakanninsu suka yi a Masar, su zuba kofi guda da sunan Annabi Ilyasu, wanda ba mai sha, sannan su buɗe ƙofa. Ku duba da kyau. Ba wanda ya ɗora labarin wani a kan teburinsa, kowa nasa ya ɗora.

Kai, ba sai mun je nesa ba. A tsibirin Ikko akwai zuriyar Aguda, waɗanda kakanninsu suka dawo daga bauta a Brazil a ƙarni na 19 suka zauna a unguwar Popo Aguda. Ranar Juma'ar da ke gaban Ista, da yake ba sa cin nama, sukan dafa wani abinci da suke kira frejon: wake ne ake dafawa ya yi laushi, a tace, a haɗa da madarar kwakwa, a ci da miyar kifi da gari. Sunan ma daga kalmar wake ta Fotugis ya samo asali. Baƙi ne su ma a lokacin, kamar mu, amma abin da suka zo da shi suka riƙe, har ya zama abincin garin. Kuma ba a cin sa a ɓoye, ana aika wa maƙwabta.

To mu mene ne labarinmu? Me ya kamata baƙo ya gani in ya shigo gidan Bahaushen Kurmi ranar Sallah?

Labarinmu saukar baƙi ne. Tun da aka kafa Sabo a Ibadan a 1916, da unguwanninmu na Agege da Shagamu da sauransu, abin da ya riƙe zamanmu shi ne maigida mai masauki. Falke ya zo da shanu ko ya zo sayen goro, bai san kowa ba, ba ya jin Yarbanci, sai ya sauka a gidan maigida, a ba shi wurin kwana, a ba shi tuwo, a tsaya masa a ciniki. Wani mai bincike, Abner Cohen, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan tsari na Sabo, ya fito a 1969. Da yawa daga cikinmu da muke da gida da shago a yau, kakanmu ko ubanmu da akushin wani ya fara. Matan gidan maigida ba su taɓa sanin adadin waɗanda za su ci tuwon dare ba, tuƙawa kawai suke yi.

Ranar Sallah kuwa abin ya fi haka. Ku tuna da waɗanda ba su samu kuɗin motar zuwa gida ba: ɗan acaɓa, maigadi, mai shayi, mai wankin takalma, yaron da ke dakon tumatir a kasuwar Mile 12, ɗalibin da makaranta ba ta ba shi hutun kirki ba. An sauko daga Idi, kowa ya nufi gidansa, shi kuwa ba inda za shi. In ya yi ƙarfin hali ya yi sallama a gidanka, ya leƙo ya ga kujera shida da faranti shida da wuƙaƙe a jere, me kake tsammani zai yi? Kun san halinmu da kunya. Zai tsuguna a bakin ƙofa ya yi barka da Sallah, ka ce bismillah, ya ce "Alhamdu lillahi, yanzu na ci," alhali tun ɗan abin da ya taɓa kafin Idi bai sa komai a bakinsa ba. Ba ka kore shi ba. Teburin ne ya gaya masa an riga an ƙirga, kuma ba ya cikin lissafi. Tabarma ba ta yin wannan. A tabarma ana matsawa ne kawai, wuri ya samu.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na gaba da tebur, akwai shi a gidana. Na san dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi zaman ƙasa. Na san a gidan haya mai ɗakuna a jere, inda tsakar gida ta kowa ce, ɗaga abinci daga ƙasa tsafta ce. Kuma 'yan uwana mata da ke cewa su ma suna son gidansu ya yi kyau ranar biki, suna da gaskiya, ba kuma ƙauyanci ba ne kaɗai hanyar riƙe al'ada. Tsarin Turawan ma yana da hikima a ciki, ya kyautu yaranmu su san shi don ranar da za su zauna a irin wannan wuri: cokali mai yatsu a hagu, wuƙa da cokali a dama, kaifin wuƙa yana duban faranti, kofi a sama ta dama, ana fara amfani da na waje a shigo ciki, kuma ba a sa fure mai tsawon da zai kare fuskar wanda ke gabanka. Sanin wannan ilimi ne. Amma an tsara shi ne don liyafar da aka aika wa kowa takardar gayyata, aka san adadi. Sallarmu ba ta da takardar gayyata.

Ga abin da nake ba da shawara. A tura teburin jikin bango, ya zama mazaunin abinci maimakon mazaunin mutane. A jera kuloli da samira a kai: tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, sinasir, funkaso, ga jalof da alala da soyayyar agada don yaranmu da aka haifa a nan da kuma maƙwabta. Faranti a tara su jibgi guda a gefe, kada a jera su ɗai-ɗai, don kada kowa ya iya ƙirgawa. Cokula a cikin kofi, mai so ya ɗauka, mai son hannu ga buta da roba da sabulu a bakin ƙofa. Sai a shimfiɗa tabarmi ko darduma a tsakiya, a ɗora ledar cin abinci, maza a falo ko a ƙofar gida, mata a ciki, kamar yadda muka saba. Kujeru a bar wa dattawa da masu lalura.

Ado kuwa, ai muna da shi har ya yi yawa. A shimfiɗa wa teburin adire na Abeokuta, ko shuɗin zane irin na marinar Ƙofar Mata. A rufe kwanuka da faifai masu launi. In akwai akushi ko ƙwarya da ludayi da aka zo da su daga gida aka jefa bayan gado, ranar fito da su ke nan. A tsakiya, maimakon furen roba, a cika tire da abin da lokacin ya kawo: mangwaro, abarba, kashu, da agwaluma in ba ta ƙare ba. Zoɓo a cikin jug na gilashi, ja wur, kusa da farin kunun aya, wane fure ne ya fi wannan kyau? Ga tiren cincin da dubulan da alkaki da nakiya. Adon da yaro zai cinye kafin la'asar ya fi wanda za a goge wa ƙura a mayar kwali. Shi ya sa Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara.

Abu na biyu, kafin kowa ya zauna, a fara cika kulolin maƙwabta. Iya Bayarabiya da ke ɗakin gaba, da Inyamurin da ke da shago a ƙasa, da ɗan uwanmu Kirista na Kudancin Kaduna ko Filato wanda shi ma baƙo ne a nan kamar mu. Su ma ranar tasu sukan aiko, wasunsu har sukan nemi Musulmi ya yanka masu kaza don mu iya ci. Wannan kwanon da ke kai-da-kawo tsakanin ƙofofi ya fi taron zaman lafiya goma amfani, kuma duk wanda ya daɗe a Kurmi ya san ranar da ake buƙatar maƙwabci.

Wani zai ce, Malam, zamani ya canja, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 mudun shinkafa ya fi ƙarfin mutane, wa zai iya buɗe ƙofa ga duk mai wucewa? Gaskiya ne, ba na musu. Amma a lissafa kuɗin faranti masu tsada da kyandir da furen roba da ƙyallen da sai shekara-shekara ake fito da shi, a ga mudu nawa zai saya. Kuma ba a ce sai ka ciyar da unguwa ba. Mutum biyu ko uku da ka san ba su da kowa a garin nan, ka gaya masu tun a filin Idi cewa ana jiransu, ka kama hannunsu ku taho tare. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, balle ta tebur.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, wasunsu Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu, wasu sau ɗaya ko biyu suka taɓa ganin Arewa. Ba daga wa'azinmu za su koyi ko su wane ne su ba, daga abin da suke gani ne. In suka tashi suna ganin Sallah ita ce ranar da ake rufe ƙofa a zauna mutum shida a ɗauki hoto, haka za su yi a gidajensu. In kuwa suka tashi ana ce masu "matsa wa baƙo," ana aikensu da kula gida-gida, ana sa su zuba wa dattijo ruwan wanke hannu, to ko a London suka ƙare, sun tafi da gida a tare da su.

Saboda haka a yi ado, a yi tsafta, a burge. Amma in an gama shirya wurin, uwargida ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ta dube shi da idon yaron nan mai dako da ya zo daga Mile 12. In ta ga zai iya cire takalmi ya shigo ya zauna ba tare da jin nauyi ba, to shiri ya yi. In ta ga zai tsaya a waje, a sake shiri.

Allah Ya maimaita mana, Ya ba mu abin da za mu ciyar, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa.