A YI SALLAMA, A TSAYA A ZAURE

Ko a Nguru ko a Gashuwa, in baƙo ya zo gidan mutum, a ƙofa ya ke tsayawa ya yi sallama. In an amsa, sai a shigo da shi zaure, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ke tafe da shi. Ba ya wuce zaure sai mai gida ya ce ya wuce. To, 'yan'uwa ɗalibai, yanzu akwai wata irin baƙuwa cikin aljihunmu, watau manhajar da mu ke sawa a waya. Ita ma takan nemi izini ta san inda mu ke. Abin da na ke so in faɗa shi ne, izinin da mutum ya bayar bai san abin da ya bayar ba, ba izini ba ne.

Ga yadda abin ya ke. Waya tana gane wurin da mai ita ya ke ta hanyar taurarin ɗan Adam da turakun sadarwa. Dā a wayoyin Android, da zarar ka sa manhaja ka ba ta duk abin da ta nema gaba ɗaya. A 2015 aka gyara, ya zama sai ta tambaye ka tukuna. A 2019 aka ba ka ikon ka ce sai lokacin da ka ke aiki da ita kaɗai, a 2020 ka ce sau ɗaya tak. A 2021 kuma aka raba abin biyu: ko ka nuna mata unguwarku kawai, ko kuwa ƙofar gidanka. Ka ga an gina zaure ke nan.

Amma ina amfanin zaure in mai gida bai ji sallamar ba? Yawanci da Turanci tambayar ta ke fitowa, mutanenmu kuwa Hausa su ke ji, da Badanci, da Manganci, da Fillanci. Masunci ko manomin fadama yakan miƙa wayarsa ga mai caji a kasuwa ya sa masa manhaja, shi kuwa ya yi ta danna "na yarda" don ya sallame shi da wuri. Shi ke nan, an shiga har ɗaka ba da sanin mai gida ba.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. Wanda ya san inda ka ke kullum, ya san inda ka ke kwana, ya san ranar da ka ke bin hanyar Gashuwa zuwa Nguru da kuɗin ciniki, ya san sa'ad da gidanka ba kowa. A 2013 hukumar ciniki ta Amurka ta kama masu wata manhajar tocila da laifin miƙa wa 'yan talla wurin da mutane su ke. Ina ruwan tocila da inda ka ke? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A 2023 kuma Google ya hana manhajojin ba da bashi ganin ainihin wurin mutum da lambobin abokansa, bayan irin cin mutuncin da aka yi wa mabarta, har a nan Nijeriya.

Wani zai ce ai abin yana da amfani. Gaskiya ne ƙwarai. Taswira ba ta nuna maka hanya sai ta san inda ka tsaya. An kuma yi aiki da irin waɗannan wayoyi wajen bin sawun masu rigakafin shan inna a Arewa, don kada a tsallake wata ruga. Ba cewa na yi a rufe ƙofa ba, cewa na yi a san wanda a ke buɗe wa.

Saboda haka ina roƙon samarinmu masu koyon ƙera manhaja abu uku. Su faɗi dalili da harshen da mutum ya ke ji kafin su tambaya. Kada su nemi ƙofar gida in sunan gari ya isa, gama mai duba yanayi ko lokacin salla gari kaɗai ya ke bukata. In kuma an hana su, kada su yi fushi su ƙi aiki. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta ce yarda sai da sani, kuma mutum yana iya janye ta.

Mu kuwa da za mu fita koyarwa ƙauyuka, mu ne za a riƙa miƙo wa waya a ce, "Malam, duba mini." Kada mu danna a madadin kowa. Mu karanta masa, mu fassara, mu bar shi ya zaɓa. Mu koya wa yaranmu tambaya uku: wace ce wannan, me ta ke so, har yaushe? Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu gane, amin.