Wasan sulu a kan ƙanƙara: Ɗan wasa ɗaya bai zama tawagar ƙasa ba

A watan Fabrairun 2018, a birnin Pyeongchang na Koriya ta Kudu, 'yan Afirka ta Yamma biyu sun shiga gasar sikeleton ta wasannin Olamfik na hunturu: Akwasi Frimpong na Ghana da Simidele Adeagbo ta Najeriya. Shi ya zo na 30 cikin maza 30, ita kuma ta 20 cikin mata 20. An yi ta yabonsu, kuma sun cancanci yabon. Amma bayan shekara huɗu, a Beijing, babu ɗan Afirka ko ɗaya a wannan wasa. Me ya faru?

Ga wanda bai san wasan ba, ɗan wasa yakan tura wani ɗan faifai mai ƙafafun ƙarfe da gudu, sannan ya faɗa a kansa rub da ciki, kai a gaba, ya gangara wata hanyar ƙanƙara mai kwane-kwane da ta fi kilomita ɗaya tsawo. Gudun yakan wuce kilomita 120 a awa ɗaya, babu birki babu sitiyari, da kafaɗa da gwiwa ake juya faifan.

Frimpong da Adeagbo duk a ƙetare suka girma. Shi ya bar Ghana zuwa Holan yana ɗan shekara takwas, a can ya zama ɗan tsere, daga baya har tallan injin share ƙura ya yi gida-gida a Amurka don ya biya kuɗin horo. Ita kuwa a Toronto aka haife ta, ta yi suna a wasan tsalle uku a Jami'ar Kentucky, kuma sai a 2017 ta fara hawa faifan. Hukumar wasan ta Najeriya ma Seun Adigun ce ta assasa ta, wadda ta haɗa akwatin gwaji na katako a birnin Houston don horar da tawagar bobsiled ta mata.

Ke nan abin da aka gani a 2018 ƙoƙarin ɗaiɗaikun mutane ne, sai kuma wata ƙa'ida da ta ware gurbi ga nahiyar da ba ta da wakili. Da aka soke wannan ƙa'ida kafin Beijing, sai aka koma lissafin maki zalla. Maki kuwa sai an yi ta yawon gasa tsakanin Turai da Arewacin Amurka tsawon hunturu ake tara su, da kuɗin jirgi da masauki da mai horarwa da biza. Frimpong na cikin neman makin ya kamu da korona, damarsa ta kuɓuce, kuma Ghana ba ta da wani a bayansa.

Da yawa za su ce ai ba mu da ƙanƙara, shi ke nan. Gaskiya ne babu irin wannan hanya a duk faɗin Afirka, a duniya ma ba su kai 20 ba, kuma sake gina ta Cortina a Italiya don wasannin 2026 ya ci fiye da Yuro miliyan 100. To amma Birtaniya ita ma ba ta da ko ɗaya, kuma ta ci zinaren mata sau uku a jere: Amy Williams a 2010, Lizzy Yarnold a 2014 da 2018. Abin da take da shi wani gajeren layi ne na kankare a Jami'ar Bath, inda ake koyon turin farko a kan faifai mai taya. Daƙiƙoƙi biyar na farko su ne rabin aikin, don haka sai aka riƙa zaɓo masu gudu da ƙarfin ƙafa daga wasu wasanni. Yarnold kanta daga wasannin guje-guje da tsalle-tsalle aka ɗauko ta a 2008, ta hanyar wani shirin neman masu hazaƙa. Sai dai gwamnati ta zuba kuɗi: kimanin fam miliyan shida da rabi a shekaru huɗun da suka gabaci 2018.

Darasin a bayyane yake. Masu gudu ba su yi wa Ghana da Najeriya ƙaranci ba, kuma layin turi ba ya buƙatar sanyi. Abin da babu shi ne tsari: gwaji duk shekara a makarantu da jami'o'i, mai horarwa na dindindin, yarjejeniya da wata ƙasa mai hanyar ƙanƙara, da kasafin da zai wuce shekarar Olamfik. Dogaro da 'ya'yan ƙasa mazauna ƙetare ba laifi ba ne, su suka buɗe ƙofar. Mu da ke zaune a wajen ƙasashen kakanninmu mun san cewa kishin gida ba ya buƙatar takardar haihuwa. Amma idan suka yi ritaya ba tare da an raini magada ba, tutar takan sauka tare da su.

Akwai kuma tambayar da ba za a kauce mata ba: a ƙasar da makarantu da yawa ba su da filin motsa jiki, ya dace a kashe kuɗin gwamnati a wasan da talaka ba zai taɓa gani da idonsa ba? A ganina bai dace a fara da baitulmali ba. Kamfanoni, da tallafin Olamfik da ake bai wa ƙananan ƙasashe, da 'yan ƙasa na ƙetare su ne za su ɗauki nauyin tafiye-tafiye, gwamnati kuma ta gyara filayen guje-guje, waɗanda za su amfani kowane wasa.

Adeagbo ta nuna abin da juriya ke haifarwa: a Janairun 2022 ta ci gasar bobsiled ta mutum ɗaya a Winterberg na Jamus, karon farko ga ɗan Afirka a gasar ƙasa da ƙasa ta wannan wasa. Ma'aunin nasara yanzu shi ne ko za a samu yarinyar da ta tashi a Kumasi, Jos ko Kaduna, aka gano ta a filin makaranta, ta gaji Adeagbo a kan faifan.