Ƙwallon da ta ƙoshi da mai

Sanyin hunturu ne ya kora ni gidan wasan bolin, lokacin da nake karatu a Amurka. Waje dusar ƙanƙara, ɗaki kuma kaɗaici, sai na riƙa bin abokan karatu duk daren Alhamis. Wasan ba shi da wuyar ganewa: ka gangara ƙwallo mai nauyi, wadda ba ta wuce laba 16, a kan layi mai tsawon ƙafa 60, ta je ta zubar da kwalaben katako goma da aka jera a can ƙarshe.

Ƙwallayen aro na gidan miƙe suke tafiya, kamar an ja musu zare. Ta gwanaye kuwa sai ta nufi gefe kamar za ta faɗa kwata, daf da ƙarshe ta sha kwana, ta kutsa tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku, duka goman su watse. Na yi ta murɗa wuyan hannu har ya yi tsami, tawa ko gezau.

Wani dattijo mai shagon huda ƙwallaye a cikin gidan ne ya ga wahalata. Ya ce in shafa ƙwallon da ta dawo daga layi. Na shafa, sai ga zoben maiƙo a jikinta. Ashe ana shafa wa layin mai a kusan ƙafa 40 na farko, sauran kuma a bar shi a bushe. Ƙwallo kan sulale a kan man, in ta iso busasshen wuri ta kama ƙasa ta juya, sannan ta mirgina zuwa kwalaben. Hannu ne ke ba ta juyi, amma fatarta ce ke yanke hukuncin ko juyin zai zama kwana. Ta aron da nake fama da ita filastik ce, mai tauri da santsi kamar tangaran, ba ta da abin da za ta kama ƙasa da shi.

Daga bakinsa na fara jin tarihin fatun. Da katako aka fara, a 1905 aka fito da ta roba mai tauri, wajejen 1960 filastik ta shigo. A 1973 wani ɗan wasa, Don McCune, ya riƙa jiƙa ƙwallonsa a sinadari don fatar ta yi laushi, ya lashe gasa shida ta ƙwararru a shekarar, abin da ya sa hukumomin wasan suka kafa dokar taurin ƙwallo. Farkon shekarun 1980 aka kawo yuretan, wadda ke kama ƙasa da wuri, kwanarta a hankali. Farkon shekarun 1990 kuma sai ga wadda suke kira riyaktif: yuretan ce da aka yi wa haɗi, fatarta cike da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ƙofofin kan tsotse man, in ƙwallon ta taka busasshen wuri sai ta cafke shi ta yi kwana mai kaifi.

Na tara kuɗin aikin ɗakin karatu na sayi irin wannan, dattijon ya huda ta daidai yatsuna. Ya haɗa mini da tawul, ya ce in riƙa goge ta bayan kowane jifa. Na ce to, na jefa tawul ɗin a ƙasan jaka.

Makina ya tashi nan da nan. Abokai suka fara kirana gwani, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu, har ina gyara wa sababbin zuwa tsayuwa. Ko sau ɗaya ban ce musu rabin aikin na ƙwallon ne ba. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, ni wata biyar kawai na yi. Kwanar ta fara raguwa, ƙwallon ta riƙa isa kwalaben a gajiye, tana barin ɗaya ko biyu a tsaye. Na ce masu gidan sun cika wa layi mai. Na ce takalmin aro ne. Har abokin da ya yi tari lokacin da zan jefa sai da ya sha harara.

Da na kai wa dattijon ƙara, bai yi gardama da ni ba. Ya sa ƙwallon a wani akwati mai ɗumi, ya ce in zauna. Jim kaɗan ya buɗe, sai ga ta tana zufa, mai na tsattsafowa daga jikinta ɗigo ɗigo. Ya goge, ya mayar, ta sake fitarwa. Ya ce: "Ɗana, ina tawul ɗin da na ba ka?" Na sunkuyar da kai. Ƙofofin da ke ba ta ƙarfi su ne suka toshe da man da na bari ta yi ta sha.

Sannan ya ɗora ta a injin juyi ya bi ta da sanfefa mai lamba 2000. Ya ce ƙaramar lamba, kamar 500, kan ƙara kaushi, ƙwallon ta kama da wuri a layi mai yawan mai. Babbar lamba, kamar 4000, kan sa ta yi nisa kafin ta juya. Daga baya na karanta cewa binciken da hukumar wasan ta Amurka, USBC, ta fitar a 2008 ya sa kaushin fata a sahun gaba cikin abubuwan da ke sarrafa tafiyar ƙwallo, gaba da nauyin da ake dasawa a cikinta.

Daren nan kwanar ta dawo, hannuna kuwa shi ne dai na jiya. Abin da ya fi tsaya mini a rai ke nan. Da nasara ta zo, ni kaɗai na ci ladan. Da ta tafi, na raba laifin ga kowa ban da ni. Laifi tudu ne. Yau in wani abu da ya saba yi mini aiki ya fara ja da baya, ko mota ce, ko ma'aikaci, ko zumunci, kafin in buɗe baki nakan tambayi kaina yaushe rabon da in kula da shi.

Ƙwallon ta daɗe da barin hannuna. Tawul ɗin dai yana nan cikin kayana, har yanzu da sauran sabuntarsa.