Gani ya kori ji: a zana wa yaro abin da yake karantawa

Kwanan baya a Birnin Ƙwanni na sa wani ɗan yayana, ɗan ajin CE2, ya karanta mini shafi guda na Faransanci. Ya karanta tsaf, babu gargada. Da na ce ya ba ni labarin da Hausa, sai ya sunkuyar da kai. Bakinsa ya karanta, amma zuciyarsa ba ta ga komai ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar, cikin yara goma masu gama lakwal ta firamare, da ƙyar ake samun ɗaya mai fahimtar karatu yadda ya kamata. A 2019 an kai wajen uku. An ci gaba, amma ina sauran bakwai ɗin?

Dalili a fili yake. Yaron Illela ko na Malbaza da Hausa ya tashi. Ranar da ya shiga CI, sai a ɗora masa kaya biyu: baƙaƙe da baƙon harshe. Kalmar da ba ta kawo masa wata sura a rai, hadda ce kawai. Hoto shi ne gadar da ke haɗa baƙar takarda da abin da ya sani.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1964 aka fara koyarwa ta telebijin a wasu azuzuwa, kuma a 1973 aka buɗe lakwal ta gwaji da Hausa a Damagaram. Amma dabarar da nake nufi ba ta bukatar lantarki, alli da allo sun isa.

Kafin karatu, malam ya zana abin da labarin ya ƙunsa, ya tambayi yara me suke gani. Bayan karatu, ya raba labarin gida huɗu, misali noman albasar Galmi: dashe, ban ruwa, cira, sai lodi a mota. Ya cakuɗa zanen, yara su jera shi daidai. Daga ƙarshe kowa ya zana a allonsa abin da ya fahimta. Wanda ya karanta motar simintin Malbaza ya zana amalanke, nan take malam ya gane inda gizo ke saƙar.

Ku 'yan kasuwa, kwalayen da kuke zubarwa da tsofaffin kalandu masu hotuna kayan aiki ne. Ku miƙa su ga kwamitin COGES na unguwarku, ku haɗa da alli. Ku ma'aikata, in yaro ya dawo gida, kada ku tsaya ga "karanta mini". Ku ce: "Zana mini abin da ka karanta." Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.